Tambayi Gwaggo: Sammacin Juri Ya Iske Ni Tsakiyar Zangon Karatu

Wasiƙun da na zaɓo a wannan fitowar duk ƙorafinsu ɗaya ne, shi ya sa na jera su wuri guda. Ga wanda bai san tsarin ba, ga shi a taƙaice. A Amurka da Ingila, in shari'a ta yi girma, ba alƙali ne ke faɗin ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ba. Kotu kan ɗebo mutanen gari, galibi su 12, su zauna su saurari shaidu, su shiga ɗaki su kaɗai su yanke. Alƙali yana kula da doka da tsarin zama, su kuma suna auna gaskiyar abin da ya faru. Su ake kira juri. Kiran kuma ba gayyatar biki ba ce da za ka aika da uzuri ta bakin wani, sammaci ne na kotu. Na daɗe ina aikin tafinta a kotuna a nan Amurka, abin da zan faɗa daga nan na samo shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a fannin aikin jinya a Kalifoniya. Bara na zama 'yar ƙasa. Sai ga sammacin juri, kuma ranar da aka sa mini ta faɗo daidai makon jarrabawa. Ga aikin koyo a asibiti, wanda in na yi fashi da yawa sai na maimaita zangon gaba ɗaya. Ƙawata ta ce ɗalibai ba sa yin wannan aikin, in jefa takardar a kwandon shara. Yayana kuma ya ce in je in nuna ba na jin Turanci sosai, za su sallame ni. Wanne zan bi? — Wata ɗaliba, Kalifoniya

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki bi ko ɗaya. Bari in fara da yayanki, don tasa shawarar ce mafi haɗari. Ke da kika ci jarrabawar zama 'yar ƙasa da Turanci, kike karanta ilimin magunguna da Turanci, kike rubuta rahoton majinyaci da Turanci, ke ce za ki tsaya gaban alƙali, bayan an rantsar da ke, ki ce ba kya ji? Alƙalan nan ba yau suka fara jin wannan waƙar ba. Tambaya biyu zai yi miki, wane aiki kike yi, wace makaranta kike, shi ke nan asiri ya tonu. Kuma ke mai neman lasin aikin jinya ce nan gaba kaɗan. Ba a fara irin wannan sana'a da ƙarya a gaban kotu.

Ita kuwa ƙawarki, wataƙila ta ji labarin wata jiha ne. Akwai jihohin da suka ba ɗalibi damar janye kansa, zan zo kansu a ƙasa. Kalifoniya ba ta cikinsu. Ƙa'idar kotunan jihar ta ce ba a ɗauke wa wani rukuni na mutane aikin kai tsaye don kawai suna cikin rukunin, kuma ta ce in matsalar mutum ta ɗan lokaci ce, ɗage masa rana ya fi dacewa da a yafe masa. Jarrabawa kuwa matsala ce ta ɗan lokaci. Wanda ya yi ta biris da sammaci ana iya kiransa ya zo ya bayyana dalili, tarar kuma tana iya hawa har dala 1,500.

To a nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Suna rubuta wa kotu su ce a yafe musu gaba ɗaya, a mayar musu da amsar a'a, sai hankali ya tashi. Abin da ya kamata su roƙa tun farko shi ne ɗagewa. Yafewa sai da dalili mai nauyi: rashin lafiya mai takardar likita, ko jinyar wani da ba mai kula da shi sai kai, ko asarar kuɗi da za ta durƙusar da gida. Ɗagewa ta farko kuwa, a yawancin gundumomi, kusan ba a ma tambayarki dogon bayani. Ki duba takardar, akwai lambar da aka ba ki a matsayin 'yar juri, akwai adireshin intanet da lambar waya. Ki shiga yau, ba jajibirin ranar ba.

Ga abin da nake son ki riƙe da kyau: ke za ki faɗi ranar da kike so. Kada ki ce "a ɗage mini zuwa wani lokaci" ki yi shiru, don kwamfuta za ta zaɓa miki, kuma ba ruwanta da jadawalin makarantarku. Ɗauko kalandar makaranta, nemo makon da ba lacca, ba asibiti, ba tafiya. A wurare da yawa ana iya ɗagewa har wata 6, wanda ya isa ya kai ki hutun bazara ko na hunturu. Ki bar wa kanki sarari, kada ki zaɓi makon ƙarshe na hutu, domin in aka ɗauke ki a shari'ar da za ta ci kwana goma, kin koma gidan jiya, kuma ɗagewa ta biyu ba ta zuwa da sauƙin ta farko. Ni a ganina farkon hutu ya fi.

In sun nemi a rubuce, layi biyar ya isa. Sunanki da lambarki, cewa ke cikakkiyar ɗaliba ce a makaranta kaza, ranar da zango zai ƙare, makon da kika shirya zuwa, sa hannu. Ki haɗa da takardar shaidar rajista daga ofishin magatakardar makaranta da jadawalin aikin asibitin. Ban da labarin wahalar karatu da tsadar kuɗin makaranta. Akawun da zai karanta yana da tulin irinta a gabansa, abin da idonsa ke nema shi ne kwanan wata. Sannan ki ajiye amsar da suka ba ki. In ba ki ga amsa ba, ki kira ki tabbatar, don tura roƙo daban ne, amincewa daban, kuma tsohuwar ranar tana nan a kanki har sai sun ce sun canja.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata safiyar Litinin ina zaune a gefe ina jiran a kira shari'ar da zan yi wa tafinta, aka shigo da ayarin waɗanda za a tace, kowa da lamba maƙale a ƙirji. Alƙaliya ta ce shari'ar za ta ɗauki kamar mako biyu, wa ke da matsalar da ba zai iya zama ba? Wani saurayi da jakar littattafai a tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga hannu, ya ce yana da jarrabawa ranar Alhamis. Ta cire tabarau ta tambaye shi yaushe ya sami sammacin. Ya ce wata guda ke nan. Ta tambaye shi yaushe ya san ranar jarrabawar. Ya ce tun farkon zango. Ba ta yi masa faɗa ba, shiru kawai ta yi na ɗan lokaci, ɗakin duka yana kallonsa yana murza igiyar jakar. A ƙarshe ta sallame shi zuwa ofishin juri ya karɓi sabuwar rana. Ya sami abin da yake so, amma bayan ya rasa laccar safiyar nan, ya biya kuɗin ajiye mota, ya sha kunya, a kan abin da zai iya gamawa cikin minti biyar a wayarsa.

Kada kuma ki ɗauka aikin ya kai yadda ake zuzuta shi. Kalifoniya tana bin tsarin rana ɗaya ko shari'a ɗaya. In kin je ba a ɗauke ki ba har aka tashi, kin sauke nauyi, ba za a sake tilasta miki ba sai bayan wata 12. A gundumomi da yawa ma waya za ki riƙa kira da yamma ki ji ko ana bukatar rukuninku washegari, wani har makon ya ƙare bai taka kotu ba. Kuɗin dai kada ki sa rai, dala 15 ne a rana, shi ma daga rana ta biyu, sai ɗan abin mai na mota.

Abu biyu da suka rage. Na ɗaya, ki duba kan takardar ki ga ko kotun jiha ce ko ta tarayya, don dokokinsu daban. Ta tarayya tana aiki da dokar 1968, tana biyan dala 50 a rana, kuma wanda ya ƙi zuwa ba dalili ana iya cin sa tarar har dala 1,000, ko ɗaurin kwana 3, ko aikin al'umma. Can ma ɗalibta ba ta cikin abin da doka ta ɗauke kai tsaye, amma ana ɗagewa. In kuma kika ga kiran na babban juri ne, mai tantance ko akwai hujjar gurfanar da mutum, wannan zamansa na iya kai wata 18, ana zuwa lokaci-lokaci. A irin wannan kam ɗalibi yana da bakin neman a yafe masa. Na biyu, ki gaya wa malamanki tun yanzu. Dokar tarayya da ta hana a kori ma'aikaci saboda ya je aikin juri a kotun tarayya, maganar ma'aikaci take yi da mai gidansa, ba ta taɓo makin ɗalibi ba. Makarantu da yawa suna lissafa wannan fashi a matsayin mai uzuri, amma sa'o'in asibiti sai kin rama su ko ta yaya.

Tambaya: Gwaggo barka da aiki. Ni bizar karatu ce ta kawo ni, shekarata biyu ke nan ina digiri na biyu. Ban taɓa yin zaɓe ba, ban ma san yadda suka sami sunana ba, amma ga takardar juri a akwatin wasiƙuna. Tsoro ya kama ni. In na amsa, ba zan jawo hankalin jami'an shige da fice kaina ba? — Wani ɗalibi, Niyok

Amsa: Ɗana kwantar da hankalinka. Na tabbata kana da lasin tuƙi ko katin shaida na jiha. Daga nan suka same ka. Kotuna suna haɗa jerin sunaye daga rajistar masu zaɓe da ta masu lasin tuƙi, wasu jihohin har da masu biyan haraji, Niyok kuma tana cikinsu. Jerin masu lasin bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba, saboda haka dubban baƙi suna samun irin takardar nan. Ba laifi ka yi ba, ba kuma bincikenka ake yi ba.

Sharaɗin farko na zama ɗan juri a Amurka shi ne zama ɗan ƙasa. Mai bizar karatu bai cancanta ba, mai takardar zama ta dindindin ma bai cancanta ba ko ya shekara talatin. Saboda haka kai maganarka ba ta ɗagewa ba ce, ba ka cikin lissafi tun asali. Amma kotu ba ta san haka ba sai ka gaya mata. A jikin takardar akwai tambaya ko kai ɗan ƙasa ne. Ka zaɓi a'a, ka haɗa kwafin abin da suka nema, galibi shafin fasfo ko na biza, ka mayar cikin wa'adin da aka rubuta, ka ajiye kwafi a wurinka. Magana ta ƙare.

Inda nake son ka buɗe ido sosai shi ne wannan akwatin na "i" ko "a'a". Na ga masu cike fom a gurguje suna danna "i" tun daga sama har ƙasa don su huta. A wannan layin ba a wasa. Baƙo ya yi iƙirarin zama ɗan Amurka da gangan laifi ne a dokar tarayya, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 3, kuma tun 1996 dokar shige da fice ta sa irin wannan iƙirari cikin abubuwan da ke iya rufe wa mutum ƙofar samun takardar zama har abada. Shekaru masu zuwa, in Allah ya kai ka neman zama ɗan ƙasa, fom ɗin zai tambaye ka ko ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne, ko ka taɓa yin rajistar zaɓe. Kana son ka iya cewa a'a da zuciya ɗaya.

Tun da maganar ta zo, ka bincika ka tabbata ba a sa ka cikin rajistar masu zaɓe ba lokacin da kake karɓar lasin. Tun dokar 1993 ofisoshin lasin tuƙi suke ba da damar rajistar zaɓe a wuri guda, kuma akan sami baƙin da suka sa hannu ba su karanta ba. In ka iske sunanka a ciki, kada ka taɓa komai da kanka, nemi lauyan shige da fice tukuna. Wannan ya wuce aikin tafinta.

Tambaya: Hajiya ina yi miki fatan alheri. Ɗana a nan aka haife shi, yana karatu a wata jami'a a Boston, mu kuma muna Hiyuston. Sammaci ya zo gidanmu da sunansa. Ba na son in ɗauke masa hankali daga karatu. Zan iya cike takardar in sa masa hannu in mayar, ba sai ya sani ba? — Wani uba, Tekzas

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri, niyyar ta uba ce, amma a ajiye alƙalamin. Yaron da ya kai 18 baligi ne a idon kotu, takardar tasa ce, kuma wanda ya sa hannu yana tabbatar da cewa abin da ke ciki gaskiya ne a kan wuyansa. A ɗauki hotonta a tura masa yau. Abin da zai ɗauke masa hankali na gaske shi ne ya wayi gari da takardar neman bahasi a kan sammacin da bai taɓa gani ba.

Albishirinka kuma, faɗuwa ta zo daidai da zama. Tekzas tana cikin jihohin da doka ta ambaci ɗalibi da suna. Ɗan sakandare, da wanda ya yi rajista a babbar makaranta kuma yana halartar karatu a zahiri, suna da damar janye kansu. Sai dai damar ba ta aiki da kanta. Shi zai zaɓi wannan uzurin a jikin fom ɗin ko a shafin gundumar, ya mayar. In bai mayar ba, a wurin kotu shi mutum ne da ya ƙi amsa kira, tarar kuma daga dala 100 ce zuwa 1,000. A lura da kalmar halarta. Wanda ya jingine zango yana zaune a gida ba zai fake da ita ba. Jojiya ma tana da tanadi makamancin wannan ga cikakken ɗalibi.

Yanzu ga wadda ba ka tambaya ba, kuma ita ce za ta iya zuwa muku ba shiri. Masacusets, jihar da Boston take, ba ta duba inda iyayen yaro suke ko inda yake zaɓe. Ƙa'idarta ita ce duk ɗan ƙasa da ke zaune a jihar fiye da rabin shekara ana iya kiransa, kuma ɗalibin da ke kwana a ɗakin makaranta daga Satumba zuwa Mayu ya shiga ciki. Sunayen ma daga ƙidayar mazauna suke fitowa, wadda birane da garuruwan jihar 351 suke yi duk shekara. Saboda haka kada ka yi mamaki in ya kira ka wata rana ya ce ga wani sammacin a can. Uzurin Tekzas ba zai bi shi can ba, kuma cewa "ni ɗan wata jiha ne" ba ta karɓuwa. Abin da suke bayarwa shi ne ɗagewa sau ɗaya, har tsawon shekara guda, shi zai zaɓi ranar, ba sai ya kawo dalili ba. Ƙin zuwa kuwa tararsa na iya kai dala 2,000. Matsalar ɗalibin da gidansu ke nesa ita ce hutu yana gida, zango yana aji. Dabarar da na fi ganin tana aiki ita ce ya zaɓi rana a 'yan kwanakin da ke tsakanin gama jarrabawa da tashin jirginsa, ya kuma sayi tikitin da za a iya canja masa rana. In ya yi sau ɗaya, ya huta shekara 3.

Kuma Alhaji, in ka yarda da shawarar tsohuwa, ko a Tekzas ɗin kada a riƙa nuna masa cewa abin gudu ne. Na tsaya kusa da mutane da yawa da ake tuhuma, baƙi masu karyayyen Turanci, ina ganin yadda suke bin fuskokin mutum 12 ɗin nan da ido suna neman wanda zai gane irin rayuwarsu. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna da wannan kujerar, kuma yawanci su ne kan gaba wajen neman hanyar kauce mata.

Tambaya: Gwaggo, ni ɗan Nijeriya ne ina digirin digirgir a Ingila, shekarata shida a ƙasar. Ba ni da fasfon Birtaniya, amma sun aiko mini. Ba kuskure ba ne? Ga shi ina dab da kare kundina. — Wani ɗalibi, Mancesta

Amsa: Ba kuskure ba ne ɗana, kuma kada ka ɗauki amsar da na ba ɗan'uwanka na Niyok ka yi aiki da ita. Ingila ba ta tambayar fasfo. Dokar juri ta 1974 sharuɗɗanta su ne mutum ya kasance cikin rajistar masu zaɓe, shekarunsa daga 18 zuwa 75, kuma ya zauna a ƙasar aƙalla shekara 5 tun bayan da ya cika 13. Ɗan Nijeriya ko ɗan Gana mai izinin zama yana iya rajistar zaɓe saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ka yi rajista, ka haura shekara 5, ka cika sharaɗi. Wanda ya zo bara yin digiri na biyu ya yi rajista shi ma takardar na iya zuwa masa, amma bai cancanta ba, sai ya amsa ya faɗi haka.

Wa'adinku gajere ne, kwana 7 kake da shi ka mayar da amsa, rashin amsawa ko ƙin zuwa kuma tarar har fam 1,000. Jarrabawa tana cikin dalilan da ake karɓa a ɗage. Sau ɗaya ake ɗagewa, cikin wata 12 masu zuwa, kuma za a ce ka ba da ranaku 3 da za ka iya. Tun da sau ɗaya ne, kada ka ba da ranar da ke manne da ranar kare kundin, ka san bayan karewa akwai gyare-gyaren da za a ba ka. Zauna da malamin da ke duba aikinka ku fitar da ranakun tare. Aikin kan ɗauki kamar kwanakin aiki 10. Ba albashi, sai mayar da kuɗin mota da na abinci da wani ɓangare na abin da ka rasa in kana aiki.

Gargaɗi ɗaya ga mai digirin digirgir musamman, don bincike ya zame muku jiki: in an ɗauke ka, kada ka nemi komai game da shari'ar a intanet, ko sunan wanda ake tuhuma, ko taswirar wurin da abin ya faru. Tun 2015 wannan laifi ne mai zaman kansa a Ingila, ɗaurinsa na iya kai shekara 2, kuma an ɗaure mutane a kansa.

Tambaya: Ni ba jarrabawa ce damuwata ba Gwaggo. Ina tsoron in yanke wa bawan Allah hukunci in zalunce shi. Ga kuma sallar Juma'a. Wannan zai zama uzuri? — Wani ɗalibi, Ohayo

Amsa: Hukuncin addini ka kai wa malamai, ba fagena ba ne. Ta ɓangaren kotu, wannan ba abin da ake rubutawa akawu ba ne a nemi yafewa ta wasiƙa, wurin faɗinsa shi ne lokacin tacewa, sa'ad da alƙali da lauyoyi suke yi wa kowa tambayoyi kafin a zaɓi masu zama. In har zuciyarka ba za ta bar ka ka ce mutum ya yi laifi ba ko da hujja ta tabbata, faɗi haka ƙarara, kana iya roƙon ka faɗa a kusa da alƙali ba a bainar jama'a ba. Ba lauyan da ke son ɗan jurin da ba zai iya yankewa ba. Amma ka tambayi kanka tukuna ko tsoron zalunci ne ko ƙyuya ce ta sa rawani, domin mai tsoron zaluntar wani shi ne ainihin wanda ake nema a kujerar. Maganar Juma'a kuma tun ranar farko ake gaya wa jami'in kotu, ba ranar Juma'ar da azahar ba. Na ga alƙalai suna tsawaita hutun rana saboda haka.

Tambaya: An kira ni a waya, mutumin ya ce shi ɗan sanda ne, wai na ƙi zuwa aikin juri an ba da umarnin kama ni, sai na biya tara yanzu ta katin kyauta na kanti. Ya san sunana da adireshina. — Wata ɗaliba, Merilan

Amsa: Ɗan damfara ne 'yata, kashe wayar. Kotu ba ta karɓar tara ta waya, ba ta karɓar katin kyauta ko kuɗin kirifto, ba ta kuma neman lambar asusunki ta baki. Suna da adireshi ba wuyar samu gare su ba, lambar da ta fito a fuskar wayarki ma ana iya ƙirƙirarta ta yi kama da ta ofishin 'yan sanda. Ɗalibai suke hari saboda kuna yawan sauya ɗaki, kowa yana iya zargin ko wata wasiƙa ta ɓace masa. In zargin ya dame ki, nemo lambar ofishin juri na gundumarku da kanki daga shafin kotun, ki kira ki ba da sunanki. In ma ta tabbata akwai sammacin da ya je tsohon adireshinki, abin da aka saba yi wa wanda ya kira da kansa shi ne a ba shi sabuwar rana, kuma a nan take ki gyara musu adireshin.